SHIRIN GIDA KAFIN SHIGOWAR HUNTURU

Wannan darasi na maigida ne da uwargida, da duk wanda ke da hannu cikin riƙon gida a ƙauye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, a zaure ko a tsakar gida. A bi shi kashi kashi, kada a yi gaggawa.

In ruwa ya ɗauke, aka yi kaka, hankalin manomi yakan kwanta. Rumbu ya cika, ga ɗan kuɗi a aljihu, ga bukukuwa sun taso. Amma fa daidai wannan lokaci ne ya kamata a zauna a yi shirin sanyi, tun kuɗin kaka bai watse ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za mu nuna cikin darasin nan shi ne, yawancin wahalar da ke samun gida da hunturu takan fito daga irin dabarar da mutane ke yi don su kori sanyi: toshe ɗaki, da kwana da wuta, da cunkuso, da barin wanka. Gidan da ya tanadi mayafi da abinci tun da wuri ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

1. ABIN DA HUNTURU KE YI WA JIKI

Hunturu iska ce busasshiya mai tasowa daga arewa maso gabas, ta wajen Sahara. Takan fara wajen watan Nuwamba, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ta ja baya cikin Fabrairu. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari take da ake kira Bodele, a ƙasar Cadi, inda dā can ruwan tafki ne ya ƙafe. A ƙasar Kano, cikin watan Janairu, ma'aunin zafi yakan kai wajen digiri 30 da rana, da asuba kuwa ya sauka wajen 13 ko 14, wani lokaci ma ƙasa da haka. Watau jiki yana shan rana da tsakar rana, ya sha ɗari da dare.

Cikin hancin mutum da maƙogwaronsa akwai wata 'yar laima da Allah ya halitta. Ita ce ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su isa huhu ko su shiga jini. Iskar hunturu tana busar da wannan laima, ƙura kuma tana kankare wurin, kamar yadda leɓe da diddige ke tsagewa a waje. In wurin ya tsage, ƙofa ta buɗe wa cuta ke nan. Shi ya sa mura da tari da ciwon haƙarƙari da ƙyanda da sanƙarau suka fi yawa daga hunturu zuwa bazara. Hayaƙi yana ƙara ɓata wurin, cunkuso kuwa shi ke ɗaukar cuta daga numfashin wannan ya kai wa wancan.

2. ƊAKIN KWANA

Aikin farko na maigida shi ne ya zaga gida ya duba abin da damina ta ɓata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bangon da ya tsage a yaɓe shi. Jinkar da ta ruɓe a sake baibaya ta tun ciyawa tana samuwa. Dangar da ta faɗi a tayar, musamman ta wajen arewa da gabas, gama daga nan iska ke bugowa. A sa ƙyaure ko tufaniya mai kauri a ƙofa. Ramukan ɓera da ke gindin bango a toshe su da ƙasa da tsakuwa, a daɓe.

Amma kada a toshe ɗaki ruf. Mutane da yawa sukan cusa tsumma a taga tun farkon sanyi, ba su cirewa sai bazara. Wannan kuskure ne. A toshe kafofin da ke ƙasa, inda iska ke bugun mai barci, a bar taga ɗaya ta sama a buɗe dare da rana. In ana gudun ƙura, a rataya mata ɗan ƙyalle marar kauri. Da hantsi a buɗe ƙofa da taga duka, a fid da tabarmi da katifa da barguna a shanya su a rana.

Kada yaro ya kwanta a kan daɓe tsirara da tabarma ɗaya. Ƙasa tana janye zafin jiki fiye da iska. A sa gado ko na kara ne, ko a shimfiɗa buhuna ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarma. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi don an ce damina ta wuce. Inda akwai fadama ko kududdufi ko noman rani, sauro bai tafi ba.

Sa'an nan a rage cunkuso. In akwai ɗakin da aka cika da tarkace alhali yara takwas suna kwana a ɗaki ɗaya, a kwashe tarkacen a raba yaran. A tuna da zaure ma, inda samari da almajirai da baƙi ke kwana. Mai tari kada a haɗa masa shimfiɗa da ƙananan yara.

3. WUTA DA HAYAƘI

Nan ne babban haɗari. Kowace wuta, ta itace ce ko ta gawayi, tana fid da wata iska mai guba in ta ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta, takan shiga jini ta tare wurin da iska mai kyau ke zama. Kada a ruɗu da cewa gawayi ba ya hayaƙi. Garwashin da ya yi ja, ba ko ɗigon hayaƙi, yana fid da gubar nan. Haka kuma janareta. Kada a kuskura a tayar da shi cikin ɗaki ko zaure ko kusa da taga.

Alamun gubar su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci mai nauyi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan alamu gaba ɗaya, kada a ce iska ce ta taɓa su ko abincin dare ne. A fid da su waje nan da nan, a buɗe ɗakin, a fid da wutar. Wanda ya suma ko ya ruɗe a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ga dokokin wuta a gida:

A yi jin wuta a tsakar gida ko a rumfa, inda iska ke wucewa.

In za a ɗumama ɗaki ko gadon ƙasa, a yi da magariba, ƙofa a buɗe. Kafin a kwanta a kwashe garwashin duka a fitar, a kashe da ruwa ko ƙasa. Bangon ƙasa yana riƙe ɗumi da kansa.

Kada a bar yaro shi kaɗai da kasko ko murhu ko fitila, ko da na ɗan lokaci ne. Haka tsoho marar ƙarfi, da makaho, da mai farfaɗiya. Mai farfaɗiya ya zauna nesa da wuta, kullum da wani kusa da shi.

Uwargida ta yi girki a madafa mai hanyar fitar hayaƙi, da busasshen itace. Goyon da ke bayanta yana shaƙar hayaƙin da take shaƙa, huhunsa kuwa ƙarami ne. In da mai riƙe shi, a riƙe shi nesa da murhu. Kada a hura wuta da leda ko roba.

Kananzir da fetur kada su kwana a ɗakin mutane. A share ciyawa da kara kewaye da gida da rumbu, a bar fili fetal, domin da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. A hana yara cinna wa daji wuta don farautar gafiya. A ajiye tulu ko bokiti cike da ruwa, da tarin yashi, kusa da madafa.

In tufafin mutum suka kama wuta, kada ya gudu, gudu yana ƙara hura ta. A kwantar da shi a ƙasa, a mirgina shi, a lulluɓe shi da gwado ko bargo mai kauri. Sa'an nan a yi ta zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata kada a ɓamɓare ta. Kada a fasa bororo. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko toka, ko tawada, ko kashin shanu, ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko gaba, ko kuwa jariri ne ya ƙone, sai asibiti.

4. TUFAFI DA WANKA

Bargo ya fi kasko. Tun ranar da aka sayar da gyaɗa ko wake ko riɗi, a ware kuɗin mayafi kafin na biki. A ƙidaya mutanen gida, a ƙidaya barguna. Kowane yaro ya sami rigar sanyi, da hula, da abin sawa a ƙafa. In hali bai kai ga sabo ba, gwanjo ma ya yi, amma a wanke shi da sabulu a shanya a rana tukuna. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, suna riƙe ɗumi ƙwarai. Masu zama kusa da wuta gara su sa na auduga, gama yadin roba in ya kama wuta narkewa yake ya manne da fata.

Kada a daina wanka don sanyi. Gidan da aka bar wanka da wanki, nan ƙazwa da ƙwarƙwata da ƙuraje ke sauka, su bi bargo su gama yara duka. A yi wa yara wanka da rana tsaka, da ruwan ɗumi, a wurin da iska ba ta bugawa. A taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin a zuba wa yaro. A tsane jiki maza, a shafa man kaɗanya ko man gyaɗa ko basilin tun jiki da sauran laima, har leɓe da diddige. Wannan ne maganin faso da kaushi. Fason da ya tsage har ya yi jini ƙofar cuta ne, a wanke shi, a shafa mai, a sa takalmi.

A wanke wa yara fuska da ido safe da yamma, a share musu majina, don ƙura da ƙuda suna kawo ciwon ido. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kuma kafin cin abinci. Ranar da hazo ya yi yawa a rufe hanci da baki da rawani ko gyale. Kafin shara a yayyafa ruwa.

In yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse wajen taushin hancinsa minti 10 ba sakewa. Kada a ɗaga kansa sama, jinin zai bi maƙogwaro.

Da sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa sosai, alhali iska tana shanye ruwan jikinsa. A riƙa ba yara da tsofaffi ruwa ko ba su roƙa ba. A rufe randa da tulu da bakin rijiya saboda ƙura.

5. RUMBU DA TUKUNYA

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin da ya ƙoshi ya fi jure sanyi da cuta. Saboda haka kafin maigida ya kai hatsi kasuwa ya yi lissafi. Daga Nuwamba zuwa lokacin da sabon gero zai nuna akwai wajen mako 40. Misali, in gida yana cin mudu 20 a mako, ana bukatar mudu 800, ban da iri da zakka da baƙi. A ware wannan tukuna. Abin da ya yi saura shi ne na sayarwa. Wanda ya sayar da araha da kaka, shi zai saya da tsada da damina.

Kada a zuba sabon hatsi bisa tsohon. A share rumbu, a ƙone sharar, a yaɓe tsaga, a gyara murfi. Kuma kada a adana komai sai ya bushe sarai. Ga hanyar gwadawa: a sami kwalba busasshiya, a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a koma shanya. A yi shanya bisa tabarma ko tamfol ko daɓe mai tsabta, ban da gefen hanya ko ƙasa tsirara.

Dalilin wannan shi ne fumfuna. Gyaɗa da masara in suka yi fumfuna sukan ɗauki wata guba da ake kira afalatoksin. An gano ta bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. Gubar tana lalata hanta, yau da gobe har ta kawo ciwon daji na hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. A tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi ko kore ko suka motse a zubar. Kada a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da su, kada kuma a ba dabbar da ake tatsa.

Wake kuwa akwai buhu mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje. In aka ɗaure kowanne tam, ƙwaro yakan rasa iska ya mutu, ba sai an sa magani ba. Jarka ko duro mai murfi mai kamawa ma yana yin wannan aiki in an cika shi. Maganin ƙwari na gona kada a zuba shi cikin abinci. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fid da iska mai kisa, kada buhun da aka sa wa ita ya kwana ɗaki ɗaya da mutane.

A yi yaƙi da ɓera. Ban da ɓarnar hatsi, wani irin ɓera yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a shekarar 1969. Cutar tana bin fitsarinsa da kashinsa ta shiga abinci, kuma ta fi yawa da rani. A rufe abinci, a kai shara nesa da gida, a ajiye kyanwa. Mushen ɓera kada a ɗauka da hannu.

Uwargida kuma ta yi tanadin miya tun ganye bai ƙare ba: kuka, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da zogale, da kabewa, da daddawa. Ganye a shanya shi a inuwa, ya fi riƙe amfaninsa. Tuwo kaɗai ba ya gina yaro. A riƙa sa masa wake ko gyaɗa ko ƙwai ko nono ko ɗan kifi, da ɗan mai cikin kunu. Da safe kada yaro ya fita makaranta ko kiwo da ciki wayam, a ba shi kunu ko koko ko ɗumame mai zafi.

Dabbobi ma a tuna da su. A ɗaure harawa a ɗora bisa rumfa, nesa da murhu. A yi wa awaki da tumaki kariya daga iska, amma kada a shigo da su ɗakin mutane. Annobar kaji takan zo da hunturu, akwai kuwa rigakafinta wajen malamin dabbobi.

6. WAƊANDA SANYI YA FI YI WA LAHANI

Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa. Da an haife shi a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula, a ba shi nono nan take. Kada a yi masa wanka sai ya cika awa 24. Har ya yi wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau ko zafi, ko ya yi laƙwas, a kai shi asibiti a ranar.

Mai jego tana bukatar ɗumi da abinci mai kyau. Amma tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gado mai tsananin zafi. Saboda haka a rage kanwa ƙwarai, ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda ba ya ƙona fata. In ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, lalle a kai ta ga likita.

Tsofaffi a ba su bargo mafi kauri, a ɗumama musu ruwan alwala da asuba, a leƙa su da dare. Mai amosanin jini, watau sikila, sanyi da ƙarancin ruwan jiki suna tayar masa da ciwo, a lulluɓe shi, a yawaita ba shi ruwa. Mai asma ya tanadi maganinsa tun hazo bai sauka ba. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari ya je a auna majinarsa saboda tarin fuka. A asibitocin gwamnati maganinsa kyauta ne.

7. CUTUTTUKA UKU DA BA A JIRA DA SU

Ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. Yawancin mura tana warkewa da kanta, da ruwan ɗumi da abinci da hutu. Amma in yaro mai tari yana numfashi da sauri, ciwon ya sauka huhu. A buɗe cikinsa sa'ad da yake kwance shiru, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya da agogo ko waya. Ga iyaka: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60, daga wata 2 zuwa wata 11, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai wannan ko ya wuce, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa sha, a tafi asibiti. Kada a yi masa tsaga ko sakiya a haƙarƙari. Akwai allurar rigakafi da ke rage wannan ciwo, ana yi wa jariri yana da mako 6, da 10, da 14.

Ƙyanda, ko baƙon dauro. Takan fara da zazzaɓi da mura da jan ido, sa'an nan ƙuraje su feso daga fuska zuwa jiki. Tana makantarwa, tana kisa, musamman yaron da bai ƙoshi ba. Kada a ɓoye yaro a ɗaki, kada a hana shi ruwa ko abinci, kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da malamin asibiti ya bayar. Rigakafinta allura ce a wata 9, a sake a wata 15.

Sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin yankin da wannan cuta ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. A shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2010 aka fara wata sabuwar allura a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011, ta karya lagon irin sanƙarau da ya fi yin ɓarna a dā. Amma akwai waɗansu ire-ire. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ke kare mutum daga iri 5. Alamun cutar su ne zazzaɓi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, da ruɗewa ko jijjiga. Ga jariri kuwa maɗiga takan kumbura. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, waɗansu da suka tashi kuma takan bar su da kurumta. Tana da magani in an je da wuri. Ko tsakar dare ne a tafi, a kuma sanar da mai unguwa da malamin lafiya don a duba sauran jama'a.

Saboda haka uwargida ta ɗauko katin rigakafin kowane yaro tun yanzu, a kai wa malamin asibiti ya duba. Allurar da aka tsallake a cike ta. Rigakafi ya fi magani.

8. RABON AIKI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida da samari su ɗauki yaɓe da baibaya da danga da rumbu da tara itace. Uwargida da 'yan mata su ɗauki kayan miya da wankin barguna da katin rigakafi. Yara su share ciyawa, su shanya shimfiɗa. A sa mutum ɗaya, babba, wanda kowane dare zai zaga ya tabbata an kashe wuta kafin a kwanta.

Maigidan da zai tafi cin rani, akwai abu uku da zai bari kafin ya sa ƙafa. Na ɗaya, hatsin da zai kai iyali. Na biyu, kuɗin asibiti da na mota a hannun uwargida, waɗanda ba za a taɓa ba sai don ciwo. Na uku, izini. Ya faɗa mata a gaban mahaifinsa ko wansa cewa in yaro ya kwanta, ko ita kanta, ta tafi asibiti ba sai an nemo shi ba. Ya kuma yi magana da mai babur ko mai mota na unguwa wanda za a tasa ko da dare ne. Sau da yawa jiran izini da neman kuɗin mota su ke cinye awoyin da likita yake bukata.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a toshe tagar ɗaki duka da sanyi?
2. Gawayin da ba ya hayaƙi yana da haɗari? Faɗi alamun gubarsa.
3. Minti nawa ake zuba wa ƙuna ruwa? Me aka hana shafawa?
4. Yaya ake gane hatsi ya bushe?
5. Numfashi nawa a minti ɗaya ke nuna haɗari ga yaro ɗan wata 8?
6. Faɗi alamun sanƙarau huɗu.
7. Wane abu uku ne mai tafiya cin rani zai bar wa iyalinsa?

In an gama amsawa, maigida ya tashi tare da iyalinsa su zaga gida ɗaki ɗaki, su ga abin da aka yi da abin da ya rage, su sa ranar gama shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.